Ruwan Ɗumi na Wikki da Masu Masaukinsa: Darasi ga Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

A can baya, lokacin da fatake ke ratsa ƙasar Haɗeja da jakuna da takarkarai a kan hanyarsu ta zuwa Barno, duk baƙon da ya sauka a gari yana da fatoma, wato mai masaukin da zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, sa'an nan ya haɗa shi da mai saye. Fatake kan auna darajar zango da abu biyu, wato ruwan da ke kusa da shi da kuma halin mutumin da ke riƙe da shi. Idan rijiya ta ƙafe, ko kuwa fatoma ya yi sakaci, sai ayari ya sake hanya.

Da wannan ma'auni na fatake za a duba tarihin masaukin Wikki, wanda aka gina a bakin wani marmaro mai ruwan ɗumi a tsakiyar dajin Yankari ta Jihar Bauci. Tun daga lokacin da aka buɗe wurin ga jama'a a 1962, ya sauya hannu har sau huɗu. Ruwan yana nan yadda yake, amma abin da ya sami ɗakunan kwana da namun dajin da ke kewaye da su ya bi halin kowane mai masauki. Mutanen Haɗeja suna da dalilin sauraren wannan labari, domin a watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da sanarwar amincewa da kafa sababbin gandayen daji na ƙasa guda 10, kuma dausayin Baturiya na Jihar Jigawa yana cikinsu. Hanyar da Yankari ta bi a 1991 ita ce aka ɗora Baturiya a kai.

Inda Wikki Take

Dajin Yankari yana cikin Ƙaramar Hukumar Alkaleri, a gundumomin Duguri da Pali da Gwana, kudu maso gabas da birnin Bauci. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Matafiyi kan saki hanyar Bauci zuwa Gwambe a Dindima, ya shiga ta ƙofar da ke ƙauyen Mainamaji, sa'an nan ya ƙara tafiyar kilomita 40 da 'yan kai cikin daji kafin ya isa masaukin.

A ƙasan tudun da aka gina ɗakunan, ruwa yana ɓulɓulowa daga gindin wani dutsen yashi, ya kwanta cikin kwari mai faɗin kimanin mita 13 da zurfin da ya kusa mita 2, garau har ana hango yashin da ke ƙasa. Abin da ke fitowa a kowace rana ya kai lita miliyan 21. Idan aka raba wannan adadi da daƙiƙoƙi 86,400 da ke cikin yini da dare, za a ga wajen lita 240 ke nan a kowace daƙiƙa. Da za a ba kowane mutum lita 50 a rana, da ruwan ya ishi mutum 420,000. Ɗuminsa kuwa digiri 31 ne a ma'aunin santigired, dare da rana, rani da damina. Ban da Wikki akwai wasu maremari uku masu ɗumi a dajin, amma ita ce babbarsu.

Daga Ina Ɗumin Yake?

Mutane da yawa kan zaci akwai wuta a ƙarƙashin irin wannan ruwa. Bayanin ya fi haka sauƙi. Cikin ƙasa yana da zafi saboda ragowar zafin da duniya ta taho da shi tun farkonta, da kuma wanda wasu sinadarai kamar yuraniyam da toriyam da fotasiyam ke saki a hankali cikin duwatsu. A mafi yawan wurare, duk zurfin mita 100 da aka ƙara, zafi kan ƙaru da digiri biyu da rabi zuwa uku.

Dajin Yankari yana zaune ne a kan duwatsun yashi, waɗanda masana ke kira shimfiɗar Karekare, da ta Gwambe a ƙarƙashinta. Dutsen yashi yana da ƙananan ƙofofi tsakanin ƙwayoyinsa, yana tsotsar ruwa kamar soso. Ruwan sama da ya sauka a kan tudu yakan nutse, ya yi tafiya a hankali cikin dutse, ya ɗauki zafin wurin, har ya iske wata tsaga da za ta fito da shi a kwari. Ɗalibi zai iya yin lissafin da kansa. Matsakaicin zafin iska a wannan yanki a shekara yana wajen digiri 26. Tsakaninsa da 31 akwai digiri 5. Ke nan ruwan Wikki ya sauka aƙalla mita 150 zuwa 200 kafin ya hauro. Wannan dalili ne kuma ya sa ruwan burtsatse mai zurfi a ƙasar Barno ke fitowa da ɗumi.

Rashin sauyawar ɗumin ma yana da bayani. Ƙasa da dutse ba su saurin isar da zafi. Zafin rana da sanyin dare ba su wuce mita ɗaya cikin ƙasa, bambancin bazara da hunturu kuma yakan ɓace kafin mita 20. Saboda haka ruwan da ya fito daga can ƙasa bai san yanayin da ake ciki a sama ba. Jikin mai wanka ne ke sauya hukunci: da asubar hunturu sai ya ji ruwan da ɗumi har yana tururi, da azahar ta watan Afrilu kuwa sai ya ji shi da sanyi.

Idan aka gwada Wikki da takwarorinta, ɗuminta kaɗan ne. Marmaron Ikogosi na Jihar Ekiti yana wajen digiri 37, Ruwan Zafi na Lamurde a Jihar Adamawa ya haura 50, na garin Bath a Ingila, inda Rumawa suka gina wuraren wanka tun ƙarni na farko na Miladiyya, yana wajen 46. A Jamhuriyar Nijar akwai Tafadek, arewa da Agadas, inda masu ciwon gaɓoɓi ke zuwa wanka. Abin da kimiyya ta tabbatar shi ne ruwan ɗumi yana buɗe jijiyoyin jini na fata, yana sassauta tsoka, kuma jikin da ke cikin ruwa ba ya ɗora wa gaɓoɓi nauyinsa duka. Wannan yana rage raɗaɗi na ɗan lokaci, amma ba ya ɗauke wa majiyyaci ganin likita.

Ruwan da Ke Riƙe da Daji

Ga masanin halittu, babban aikin Wikki yana farawa ne bayan ta bar wurin wanka. Ruwan yana gangarawa cikin kogin Gaji, wanda ya ratsa dajin. Yankari tana samun ruwan sama milimita 900 zuwa 1,000 a shekara, kusan duka tsakanin Mayu da Satumba. Daga nan sai a shiga rani mai tsawo, tafkuna su ƙafe, ciyawa ta bushe. A wannan lokaci maremari ne ke riƙe da Gaji, kwarin ya zauna kore shar da kurmi da fadama, alhali tudu ya zama toka.

Saboda haka giwa da ɓauna da gwanki da kanki da gwambaza da mazo duk sukan gangaro kwarin Gaji da rani, zaki ya biyo bayansu, dorina da kada kuma daman a nan suke zaune. An ƙidaya nau'in dabbobi masu shayarwa fiye da 50 da nau'in tsuntsaye fiye da 350 a dajin. Wannan taruwa ita ce jarin masaukin, domin ita ke sa baƙon da ya fita da mota da safe ya ga abin da ya zo gani. Ita ce kuma rauninsa, domin inda namun daji suka taru a wuri guda, nan maharbi ke samun sauƙi, nan kuma cuta ke saurin yaɗuwa.

Mazauna na Farko

A Turai, gari ne kan tashi a kewayen marmaro. Garin Spa na ƙasar Beljiyam ya shahara da haka har sunansa ya zama sunan duk wani wurin wankan neman lafiya, kuma 'yan kasuwa ne ke gina otal-otal a irin waɗannan garuruwa, wasu su gaje su daga iyayensu. Wikki ta bambanta, domin lokacin da aka keɓe dajin babu gari a cikinsa, kuma masaukin bai taɓa fita daga hannun hukuma ba.

Duk da haka akwai shaidar cewa mutane sun zauna a wurin. A Dukkey akwai rijiyoyi fiye da 130 da aka haƙa aka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa, waɗanda ake jin zango ne na matafiya. A Shau Shau akwai matoyar ƙarfe wajen 60 da ke tsaye har yanzu. Akwai kuma koguna 59 da aka sassaƙa a jikin dutsen yashi, waɗanda P. J. Marshall ya bayyana a 1980, ake kuma kiransu da sunansa. Ana kyautata zaton mafaka ce ta zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi. Narkar da tama kuwa tana cin gawayi mai yawa, wanda ke nuna cewa an daɗe ana saran itace a dajin. Abin da baƙo ke gani a yau daji ne da ya sake tsirowa bayan mutane sun tashi.

Daga En'e zuwa Jiha

Tun 1934 aka fara ba da shawarar keɓe wani daji a masarautar Bauci domin kare namun daji, amma sai a 1956 Gwamnatin Jihar Arewa ta amince. A 1957 aka shata iyaka, aka mai da wurin gandun daji na En'en Bauci, sa'an nan aka buɗe shi ga masu ziyara ranar 1 ga Disamba, 1962. A wannan zamani akwai hannu biyu a kan dajin, wato na gwamnatin Kaduna mai tsara manufa, da na En'e wadda hakimanta da dagatanta suka san kowane maharbi da sunansa.

Da aka raba Arewa a 1967, Yankari ta faɗa Jihar Arewa maso Gabas, aka koma karɓar umarni daga Maiduguri. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Bauci, ta gaji dajin da masaukinsa. A shekarar ce kuma aka yi garambawul ga ƙananan hukumomi, tsarin En'e ya kau. Bayan shekara biyu, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa dukkan filayen jiha amana a hannun gwamna.

A zamanin nan ne dajin ya gamu da babbar jarrabawa. Annobar bushiya da ta halaka shanu masu ɗimbin yawa a Nijeriya a 1983 ta tsallaka cikin Yankari, ta kashe ɓauna da mugun dawa da dama. Ƙwayar cutar ba ta san iyakar gandu ba, daga garken makiyaya ta shigo. Wannan ya nuna cewa lafiyar namun dajin tana ɗaure da allurar rigakafin da ake yi wa shanun maƙwabta. An kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya a 2011, amma sauran cututtukan da shanu da namun daji ke musaya suna nan.

Tarayya, sa'an nan Jiha Kuma

A 1991, Dokar Soja mai lamba 36 ta mai da Yankari gandun daji na ƙasa, ma'aikata da albashinsu suka koma hannun Gwamnatin Tarayya. A shekarar 2000 an ba da rahoton baƙi fiye da 20,000 sun ziyarci wurin. Amma Jihar Bauci ba ta daina ganin dajin a matsayin nata ba, ta ci gaba da neman a mayar mata, har aka yi haka a 2006, zamanin Gwamna Ahmadu Adamu Mu'azu da Shugaba Olusegun Obasanjo. Jihar ta kashe kuɗi masu yawa wajen sabunta gine-ginen masaukin, wanda ke da ɗakunan kwana wajen 110.

Shekarun da suka biyo baya sun zo daidai da tashin farashin hauren giwa a kasuwannin duniya, da ƙaruwar kisan giwa a ko'ina cikin Afirka. Yankari ba ta tsira ba. A 2005 ana ƙiyasta giwayenta fiye da 300, daga baya ƙiyasin ya koma tsakanin 100 da 150. A 2014 gwamnatin jiha ta sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar kare namun daji ta WCS, mai hedikwata a Amurka, domin ta kula da sintirin masu gadi. Aka riƙa biyan alawus na kwanan daji, aka ba da horo da kayan aiki, aka ɗaura wa wasu giwaye na'urar da ke nuna inda suke ta tauraron ɗan'adam, domin a gargaɗi manoma kafin garke ya isa gona. Daga 2015 kisan giwa ya yi sauƙi ƙwarai. Wasu dabbobin kuwa sun riga sun tafi: babu sauran raƙumin dawa ko rabbi ko kyarkeci a Yankari, zakuna ma kaɗan ne suka rage.

Gini da Giwa

Abin da wannan tarihi ya fito da shi a fili shi ne mai masaukin Wikki yana riƙe da jari iri biyu, kuma saurin farfaɗowarsu ba ɗaya ba ne. Ɗakin da rufinsa ya zube, ɗan kwangila zai tayar da shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Giwa kuwa tana ɗaukar ciki wata 22, ta haifi ɗa guda, ba ta sake haihuwa sai bayan shekara huɗu ko biyar, 'yar da ta haifa kuma sai ta haura shekara 10 kafin ta fara nata. Ko da ba a kashe ko ɗaya ba, da wuya garke ya ƙaru da abin da ya wuce kashi 5 zuwa 7 cikin 100 a shekara. A kan kashi 5, kafin giwa 150 su koma 300 sai an yi shekara 14, wato wa'adin gwamna uku da rabi.

Gini abu ne da ake yanke masa zare a gaban jama'a, shi ya sa kuɗi kan fi saurin zuwa wajensa. Takalmin mai gadi da man motar sintiri ba su da ranar buki. Amma baƙon da ya biya kuɗin ɗaki a Wikki, giwa ya zo gani da ruwa, kuma shi kansa ruwan yana dogara ne da bishiyoyi da ciyawar tudu waɗanda ke rage gudun ruwan sama har ya samu nutsewa cikin dutse.

Abin da Ya Shafi Haɗeja

Dausayin Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, yana cikin fadamar Haɗeja da Nguru, kuma tun 2008 aka sanya shi cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Ramsar. Abin da zai jawo baƙo nan shi ne tsuntsayen ruwa: na gida kamar kirinjijiya da ɗinya, da dubban agwagi da sauran tsuntsayen da ke ƙetaro Sahara daga Turai su yi hunturu. Shaharar wannan fadama ce ta kawo Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, tafkin Dagona da ke maƙwabtaka a 1989. Duk abin da aka faɗa game da gini da giwa ya hau kan Baturiya, amma akwai bambanci biyu da ya kamata a lura da su.

Na farko shi ne mabuɗin ruwa. Marmaron Wikki yana cikin iyakar mai masaukinsa. Ruwan Baturiya kuwa daga Jihar Kano yake tahowa, ta madatsar Tiga da aka kammala a 1974 da ta Challawa da aka kammala a 1992, waɗanda Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ke kula da su. A shekarun 1960 da 1970 ambaliya kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 na fadamar. Bayan gina madatsun da farin da aka sha, ta sauka zuwa ƙasa da 100,000 a shekaru da dama. Wani abin lura kuma shi ne ruwan da ba ya sauyawa, wanda ya zama albarka a Wikki, a nan illa ne. Rayuwar fadama ta ginu ne a kan cika da janyewa: kifi ya hau ya yi ƙwai da ambaliya, shinkafa ta nuna, ruwa ya ja baya a shuka wake da alkama, shanu su sami ɗanyar ciyawa. Da madatsun suka riƙa sakin ruwa kaɗan-kaɗan har da rani, sai kachala ta sami abin da take so, wato ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu ƙauyuka suka nutse, wasu suka bushe, jan baki kuma ya sami wurin kwana kusa da gonaki.

Na biyu shi ne jama'a. An keɓe Yankari babu gari a cikinta, fadamar Haɗeja kuwa cike take da masunta da manoma da makiyaya da masu yankan kaba, waɗanda kakanninsu suka riga kowace doka zuwa wurin. Mai masaukin da bai zauna da bulamai da sarakunan ruwa da arɗo-arɗo ba, zai ƙare da gadin allon da ke bakin hanya.

Kammalawa

Tarihin Wikki bai nuna cewa tarayya ta fi jiha iya riƙo ba, ko jiha ta fi tarayya. Abin da ya nuna shi ne dajin ya samu sauƙi a duk lokacin da aka biya mai gadi a kan kari, aka ƙidaya dabbobi da gaskiya, aka kuma tafi da maƙwabta. Saboda haka tambayoyin da mutanen Haɗeja ya kamata su riƙa yi wa duk wanda ke riƙe da Baturiya su ne: nawa aka ware wa sintiri idan aka gwada da abin da aka ware wa gini? Wa ke ƙidayar tsuntsaye a kowane hunturu, ina kuma ake ajiye sakamakon? Wace yarjejeniya aka yi da masu riƙe da Tiga da Challawa game da lokacin sakin ruwa da yawansa?

Malaman kimiyya za su iya fara nasu aikin da ma'aunin zafi guda ɗaya. Ɗalibai su auna ruwan rijiya mai zurfi da na tafki ko kududdufi, da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe biyu na rana, na tsawon mako guda, su zana jadawali su gwada. Makarantun da ke kusa da fadama su ƙara da kafa sanda mai alamun santimita a bakin ruwa, a riƙa rubuta tsayin ruwan kowace Litinin daga Yuli zuwa Maris. Littafin da makaranta ta adana na shekara biyar a jere zai zama hujjar da garin zai riƙe a hannu ranar da aka zauna maganar rabon ruwa.